DARASIN KIWON LAFIYA: Mai Farfaɗiya da Lafiyar Haƙoransa

Farfaɗiya ciwo ne da kowa ya sani. Da wuya a sami ƙauye ko unguwa da babu mai ita. Mutum yana zaune lafiya ƙalau, ko yana tsakiyar aikinsa, sai ya yanke jiki ya faɗi. Jikinsa ya sandare, sannan ya shiga jijjiga. Haƙoransa su datse, kumfa ta fito masa a baki. Wani har yakan saki fitsari. Bayan minti 1 ko 2 sai abin ya lafa. Ya farka a gajiye, bai san abin da ya faru ba.

Idan ya tashi, akan duba goshinsa da hannuwansa ko ya ji ciwo. Ba kasafai ake cewa ya buɗe baki a gani ba. Alhali kuwa a cikin bakin akwai ɓarnar da ke taruwa a hankali. Yau haƙori ya ɓantare, gobe harshe ya tsage, baɗi dasashi ya kumbura. Kafin yaro ya kai aure sai a ga bakinsa ya zama na tsoho. Yawancin wannan ɓarna ana iya hana ta, kuma a gida ake fara hanawa. Darasin wannan wata a kan haka yake.

Daga ina farfaɗiya take fitowa?

Daga ƙwaƙwalwa take fitowa. Ƙwaƙwalwa tana aika saƙo zuwa ga hannu da ƙafa da harshe ta hanyar jijiyoyi, kamar yadda wutar lantarki take bin waya. Wani lokaci saƙon yakan rikice, ya fita da yawa a lokaci guda. Shi ne jiki yake sandarewa yana karkarwa. Idan rikicin ya wuce sai mutum ya dawo hayyacinsa.

Abubuwan da ke jawo ta suna da dama. Akwai doguwar naƙuda, inda jariri ya wahala kafin ya fito. Akwai zazzaɓin sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Akwai sanƙarau. Dattawa ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, akasari a Arewa. Wasu daga cikin waɗanda suke tsira daga sanƙarau yakan bar su da kurumta ko farfaɗiya. Akwai kuma buguwar kai, irin wadda ake samu a haɗarin kabu-kabu ko faɗowa daga itace. Wasu kuma ko likita ba ya gano dalilin tasu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu farfaɗiya a duniya sun kai kimanin miliyan 50. Ta ce kuma cikin kowane mutum 10 masu ita, har 7 suna iya daina faɗuwa idan sun sami maganin da ya dace suna sha a kan ƙa'ida. Ciwo ne daɗaɗɗe. Ko a zamanin Manzon Allah (SAW) akwai mata mai farfaɗiya da ta zo wurinsa, kuma labarinta yana cikin Buhari da Muslim.

Abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, ba a ɗaukar farfaɗiya. Ba a ɗaukarta ta miyau, ko kumfar baki, ko numfashi, ko cin abinci a kwano ɗaya. An jaddada wannan ne saboda tsoron miyau shi ke sa a guji bakin mai farfaɗiya. Uwa ta ji tsoron wanke wa ɗanta baki. A ware masa moɗa da ƙwarya. Idan ya faɗi a watse a bar shi. Wannan tsoro ba shi da tushe ko kaɗan.

Cokali a baki

Idan yaro ya faɗi a gida, abin da aka saba gani shi ne a ruga a ɗauko cokali. Wani ya ɗauko kara, wani tsumma, wani ma ya sa yatsansa. Ana yin haka da kyakkyawar niyya. Wai kada ya haɗiye harshensa, ko kada haƙoransa su datse ya mutu.

Mutum ba ya iya haɗiye harshensa. Mai karatu ya ɗaga harshensa ya taɓa ƙarƙashinsa da yatsa. Zai ji wata tantani ta riƙe shi da ƙasan baki. Harshe a ɗaure yake, ba inda zai je. Datsewar haƙora kuma da kanta take saki idan jijjigar ta wuce.

Amma cokali yana yin ɓarna sosai. A lokacin faɗuwa muƙamuƙi yana damƙewa da ƙarfin da ya fi na kullum. Kafin a cusa cokali sai an ɓamɓare baki da ƙarfi. A nan ne haƙoran gaba suke karyewa, ko su tumɓuke. Leɓe ya fashe, dasashi ya yage. Mafi muni, ɓallin haƙori ko guntun kara yana iya wucewa maƙogwaro ya toshe hanyar numfashi, ko ya faɗa huhu. Mai sa yatsa kuwa yana iya rasa yatsan. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Giɓi da yawa da ake gani a bakin masu farfaɗiya, aikin masu taimako ne.

Haka nan ɗura ruwa, ko rubutu, ko jiƙo, ko man ja, a bakin wanda bai farfaɗo ba. Ba ya iya haɗiya a wannan hali. Abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya. Hayaƙi da ake turara masa shi ma numfashi yake ƙara toshewa.

Abin da za a yi ba shi da wuya. A janye shi daga wuta, ko bakin rijiya, ko kan hanya. A kawar da turmi da tukunya da duk abin da zai buge shi. A naɗe zane ko riga a sa masa a ƙarƙashin kai. A sassauta masa wuyan riga. Kada a danne shi, kada a riƙe masa hannu da ƙafa. Da zarar jijjigar ta sassauta a juya shi ya kwanta a gefe ɗaya, bakinsa ya ɗan kalli ƙasa, don miyau da jini su zubo waje. A zauna kusa da shi har ya dawo hayyacinsa sarai. Sai a lokacin za a ba shi ruwa.

Wanda yake da agogo ko waya ya duba lokaci. Idan jijjiga ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, ko ta tsaya ta sake dawowa bai farka a tsakani ba, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Haka idan mace mai ciki ce, ko a ruwa ya faɗi, ko kuma wannan ne karo na farko.

Ƙananan yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 sukan yi jijjiga idan zazzaɓi ya yi zafi, abin da wasu ke kira taune-taune. Yawancinsu ba farfaɗiya gare su ba, kuma sukan daina idan sun girma. Amma dokar ɗaya ce. Babu cokali, babu ɗura.

Bayan ya farka, a duba baki

Ko tsakanin harshe da haƙori akan saɓa. Mai farfaɗiya yakan ciji gefen harshensa ko cikin kumatunsa. Jinin yakan ba da tsoro don ya gauraya da miyau, amma galibi ciwon ƙarami ne. A sa tsumma mai tsabta a danna wurin na ɗan lokaci. Daga washegari ya riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, sau 3 ko 4 a yini. Ya sha kunu da fura, ya ɗan dakata da yaji. Cikin mako guda ko biyu yakan warke. Idan tsagar ta yi zurfi, ko jini ya ƙi tsayawa, sai an ɗinke a asibiti.

Idan ya kasa rufe baki, ko haƙoran sama da na ƙasa sun daina haɗuwa yadda suka saba, to muƙamuƙi ya goce ko ya karye. Wannan aikin asibiti ne.

Sai haƙorin da ya fita ɗungurungum. Mutane da yawa ba su san ana iya mayar da shi ya kama ba. Ana iyawa, idan haƙorin manya ne kuma aka yi sauri. A nemo shi a ƙasa. A riƙe shi ta farin kansa, kada a taɓa saiwar. Idan ya yi ƙasa a ɗauraye shi kaɗan, ban da gogewa, ban da sabulu. Sai a jefa shi cikin madara a ɗan kofi ko kwalba mai tsabta, a garzaya da shi da mai haƙorin wurin likitan haƙori. Madara ake nufi, ba nono mai tsami ba. Kada a naɗe shi a takarda ko a ƙulle a bakin zane, don idan saiwar ta bushe ta mutu. Abin da ake so a isa cikin awa 1. Kada a sa wa mutum haƙori a baki alhali bai gama farfaɗowa ba. Haƙorin yara na farko, wanda ake famfara, shi ba a mayar da shi. Idan kuwa an nema ba a ga haƙorin ba, kuma mutum yana ta tari, a faɗa wa likita, don wataƙila ciki ya wuce.

Dasashin da ya hau kan haƙori

Wannan sashe shi ne ya fi muhimmanci ga wanda ya riga ya fara shan maganin asibiti.

Magungunan farfaɗiya da aka fi bayarwa a ƙasar nan guda 4 ne. Akwai fenobabiton, wanda shi ne mafi daɗewa, tun 1912 ake amfani da shi, kuma ya fi araha. Akwai fenitoyin, wanda a kan wani kwalinsa akan ga an rubuta Epanutin. Akwai kabamazafin, wanda aka fi sani da Tegretol. Akwai balfurowet, wanda aka fi sani da Epilim. Kowanne yana aiki, kowanne kuma yana da nasa hali.

Halin fenitoyin shi ne yana sa dasashi ya yi girma. A 1938 ne wasu likitoci biyu a Amurka suka nuna yana tsayar da farfaɗiya. Shekara guda bayan haka, a 1939, aka fara ba da rahoton cewa dasashin masu shan sa yana kumbura. Kusan rabin waɗanda suka daɗe suna shan sa sukan gamu da wannan, kuma ya fi kama yara da matasa. Yakan fara ne cikin watannin farko. Naman da ke tsakanin haƙoran gaba sai ya ɗan tasa kamar ƙwayar gero. A hankali ya yi kauri, ya haɗu da na kusa da shi, ya fara hawa kan haƙori. Idan aka bar shi yakan rufe rabin haƙori, wani ma ya kusa binne shi duka. Da farko ba ya zafi. Daga baya abinci ya riƙa maƙalewa a ƙarƙashinsa, baki ya yi wari, jini ya riƙa fita. Tauna ta yi wuya. Yaro ya daina dariya cikin 'yan'uwansa, budurwa ta riƙa rufe baki da gyale.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara 10 a unguwar Arkilla, cikin birnin Sakkwato. Da can yana faɗuwa sau 2 ko 3 a wata. Aka kai shi asibiti, aka ɗora shi a kan magani. Wata 4 bai faɗi ba, har ya koma makarantar allo. Sai uwarsa ta lura naman bakinsa yana hawa. Maƙwabta suka ce maganin ne bai karɓe shi ba. Wata ta ce ai ƙwayar asibiti haka take, tana gyara nan ta ɓata can. Uwar ta ɓoye sauran ƙwayoyin a ƙarƙashin katifa, ta daina ba shi.

A nan haɗarin yake. Maƙwabtan ba su yi ƙarya ba da suka ce maganin ne ya kawo kumburin. Amma shawararsu ta tsayar da shi tana iya kashe yaron. Maganin farfaɗiya ba a yanke shi rana ɗaya. Idan aka yanke, faɗuwa takan dawo da ƙarfi fiye da da. Wani lokaci takan zo a jere ba hutu, wadda ita ce mai kisa. Kumburin dasashi kuwa ba ya kisa, kuma yana da gyara. Kada a gudu daga gidan gara a faɗa gidan zago.

Abin da ya dace uwar ta yi shi ne ta ci gaba da ba shi maganinsa, ta koma da shi wurin wanda ya rubuta. Ta ce, “Malam, tun da yaron nan ya fara shan ƙwayar nan bai sake faɗuwa ba, alhamdu lillahi. Amma ga naman bakinsa yana hawa.” Likita zai duba. Yana iya rage yawan maganin. Yana iya canza masa wani a hankali, yana rage wannan yana ƙara wancan. Idan aka canza da wuri, kumburin yakan koma cikin 'yan watanni. Idan ya riga ya yi yawa, likitan haƙori yakan kashe wurin da allura ya rage naman da ya hau, haƙora su fito fili.

Sai dai akwai wani abu da ke hannun gida. Maganin shi kaɗai ba ya yin ɓarnar duka. Yana samun mataimaki, watau dauɗar nan mai yauƙi da take manne wa gindin haƙori idan an kwana ba a goge ba. Ƙwayoyin cuta ne cike da ita. Ita ke fusata dasashi, maganin kuma ya ƙara masa girma. Bakin da ake gogewa safe da dare, kumburinsa yakan zo da sauƙi. Bakin da aka bari, ko an yanke naman sai ya sake tsirowa. Saboda haka ranar da aka fara shan magani, ranar ya kamata a fara kula da baki, tun kafin a ga komai.

Wasu magungunan hawan jini ma suna sa irin wannan kumburi. Dattijon da yake shan na farfaɗiya da na hawan jini tare ya ƙara lura.

Sauran magungunan suna da nasu. Kabamazafin yakan busar da baki, miyau kuwa shi ke wanke haƙora dare da rana. Bakin da ya bushe ya fi saurin yin kogo. Mai shan sa ya yawaita kurɓar ruwa. Idan kuma wanda ya fara shan maganin farfaɗiya cikin makonnin farko ya ga ƙuraje sun feso masa a jiki, leɓe da cikin baki sun saɓule, ga zazzaɓi, to ranar nan za a kai shi asibiti, ba gobe ba. Balfurowet yakan sa jinin wasu ya yi jinkirin tsayawa. Maganin ruwa da ake ba ƙananan yara kuwa sau da yawa akwai sukari a cikinsa. Yaro ya sha da dare ya kwanta da zaƙi a baki, shekara da shekaru. Bayan an ba shi, a ba shi ruwa ya kurkure, sannan a goge masa haƙora.

Yadda za a tsabtace baki

Sau 2 a rana, da safe da kuma kafin a kwanta. Na dare ya fi muhimmanci. A sami burushi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, wanda ke ƙarfafa haƙori. Ga yaro, a matsa kamar ƙwayar wake. A karkata burushi zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, don nan dauɗa take kwana. A bi waje, a bi ciki, a bi matauna na can ƙurya. A ɗauki kamar minti 2. Idan burushi ya baje, ko ya yi wata 3, a canza.

Mutane da yawa idan suka ga jini sai su daina goge wurin. Kuskure ne. Jinin alama ce ta dauɗa ta taru. A ci gaba da gogewa a hankali. Galibi cikin mako 1 ko 2 jinin yakan ragu.

Wanda ba shi da kuɗin burushi, aswaki yana aiki ƙwarai idan an iya shi. A tauna kan ya yi laushi, a bi haƙori ɗaya bayan ɗaya, a yanke kan a sabunta shi a kai a kai. Abin da bai dace da mai farfaɗiya ba shi ne yawo da aswaki ko tsinken sakace a baki, kamar yadda wasu maza suke yi daga gida har kasuwa. Idan faɗuwa ta same shi a haka, icen yana iya soke masa ganɗa ko maƙogwaro. Ya zauna a tabarma ya yi aswakinsa, nesa da murhu da rijiya, ya gama ya ajiye.

Gawayi da toka da yashi suna kankare haƙori, a bar su. Alewa da lemon kwalba da shayi mai sukari da yawa, a rage. Iyaye sukan tausaya wa yaro mai ciwo su riƙa lallashinsa da kayan zaƙi. Tausayi ne mai cutarwa. Yaron da bai kai shekara 7 ba, ko wanda ciwon ya taɓa hankalinsa, babba ne zai goge masa. Ya zaunar da shi, ya tsaya ta bayansa, ya tallabe haɓarsa. Miyansa ba zai yi masa komai ba.

Zuwa wurin likitan haƙori

Ruɓaɓɓen haƙori yana iya tayar da farfaɗiya. Yana hana barci, yana hana cin abinci, idan ya yi ruwa yana kawo zazzaɓi. Rashin barci da zazzaɓi suna cikin manyan abubuwan da ke jawo faɗuwa. Don haka mai farfaɗiya bai kamata ya yi ta jinyar ciwon haƙori a gida ba. Ya fi kyau ma a duba masa baki kowane wata 6, ko ba ya jin komai.

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɓoyewa. Mutum ya zauna a kujerar likita bai faɗi yana da farfaɗiya ba, don kunya, ko don tsoron kada a ƙi duba shi. Likita ba zai kore shi ba. Zai shirya ne kawai. Tun kafin a fara ya ce, “Likita, ina da farfaɗiya. Ga maganin da nake sha. Rabona da faɗuwa wata kaza.” Ya tafi da kwalin maganin a aljihu. Idan yana jin wata alama kafin ta zo, kamar jiri, ko wani wari, ko wani abu yana taso masa daga ciki, ya faɗa, don ya ɗaga hannu a tsaya.

Daren da zai je ya yi barci sosai. Da safe ya karya kumallo, ya sha maganinsa kamar kullum, ya tafi da ɗan rakiya. Allurar kashe zafi da ake yi a dasashi ba ta da laifi ga mai farfaɗiya. Idan ma faɗuwar ta zo yana kan kujera, ma'aikatan sun san abin yi. Za su cire kayan aiki daga bakinsa, su kwantar da kujerar, su juya shi gefe.

Dalilin tafiya da kwali shi ne, wasu magunguna ba sa jituwa. Flagyl, wanda ake yawan sha don ciwon haƙori, yana iya sa fenitoyin ya taru a jini har mutum ya riƙa tangaɗi. Wani maganin ƙwayoyin cuta mai suna eritiromaisin yana yin haka da kabamazafin. Asfirin ba ya tafiya da balfurowet. Tiramol kuwa shi kansa yana tayar da jijjiga, ko ga wanda bai taɓa yi ba. Mai farfaɗiya ya nisance shi. Kafin a isa asibiti, farasitamol ya isa. Mai tallan magani a kasuwa ba zai tambayi abin da mutum yake sha ba.

Wanzamai sun daɗe suna cire haƙori a karkara. Amma mai farfaɗiya kada ya kai bakinsa can. Idan jini ya ƙi tsayawa, ko ya faɗi ana cikin aiki, wanzami ba shi da abin da zai yi.

Wanda ya yi giɓi yana son cikewa ya yi shawara da likita. Ƙaramin haƙorin roba da ake sawa ana cirewa yana iya karyewa ko ya wuce maƙogwaro lokacin faɗuwa. Ga mai faɗuwa a kai a kai, wanda ake kafewa ya fi aminci.

Mace mai farfaɗiya da ke shirin ɗaukar ciki ta ga likita tukuna. Wasu magungunan, musamman balfurowet, suna iya taɓa jariri a ciki, har a haife shi da naƙasa, kamar tsagaggen leɓe. Likita zai zaɓa mata wanda ya fi sauƙi, ya ba ta ƙwayar folik asid. Ita ma kada ta yanke magani da kanta. Haka mai niyyar azumi, ya je kafin watan ya kama a daidaita masa lokacin sha tsakanin buɗa-baki da sahur.

Ina za a je?

Mutanen Arkilla da ƙauyukan ƙaramar hukumar Wamakko sun yi sa'a, don taimako yana kusa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana nan cikin birni. Yana da likitocin ƙwaƙwalwa da na yara, yana da sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi. Akwai kuma Asibitin Ƙwararru na jiha. A garin Kware, a kan hanyar Illela, akwai asibitin gwamnatin tarayya na ƙwaƙwalwa, inda ake duba masu farfaɗiya. Wasu suna ƙin zuwa Kware don kada a ce sun haukace. Farfaɗiya ba hauka ba ce. Zuwa can kuma bai mai da kowa mahaukaci ba. Wanda yake nesa ya fara da ɗakin shan magani mafi kusa, a ba shi takardar turawa.

Akwai wani kumburin dasashi da bai kamata a haɗa shi da na magani ba. Na magani a hankali yake zuwa, cikin watanni, kuma yaro yana wasansa. Amma idan ƙaramin yaro ne ramamme, musamman wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, dasashinsa ya yi gyambo cikin 'yan kwanaki, baki yana ɗoyi, kumatu ya kumbura, ga zazzaɓi, to ana tsoron cutar noma. Sunanta ne haka, ba ruwanta da aikin gona. Tana cin fuska da sauri, amma idan aka kama ta da wuri magani yana tsayar da ita. Sakkwato tana da asibiti na musamman dominta, wanda aka buɗe a 1999. Irin wannan yaro a ranar za a kai shi.

Duk gidan da ke da mai farfaɗiya, kuma akwai wanda ya iya rubutu, a sami ɗan littafi. A shafin farko a kwafi sunan maganin kamar yadda yake a jikin kwali, da yawan da ake sha safe da dare. Duk ranar da ya faɗi a rubuta kwanan wata, da lokacin, da tsawon mintin da ya yi, da inda ya ji ciwo. Farkon kowane wata a fita da shi hasken rana, a ɗaga leɓensa na sama da na ƙasa, a duba dasashi, a rubuta abin da aka gani. Ranar zuwa asibiti a sa littafin a aljihu tare da kwalin magani, a miƙa wa likita tun kafin ya tambaya.